Yadda Mutanen Mahjar Suka Shirya Ni Tafiya Kanada

A unguwar Mahjar ta birnin Jidda aka haife ni, a nan kuma aka haifi mahaifiyata. Kakanninmu ne suka zo aikin hajji daga ƙasar Hausa da ƙafa, suka ga akwai aiki a bakin teku, suka yi zamansu. Har na haura shekara ashirin, tafiya mafi nisa da na taɓa yi ita ce Madina. Sanyi mafi tsanani da na sani kuwa na Ɗa'if ne, ranar da muka je biki na manta mayafi.

A tashar jiragen ruwa nake aiki. Lokacin, farkon shekarun saba'in, an gina manyan ɗakunan sanyi inda ake ajiye naman da jirage ke kawowa, ni kuma ina cikin masu kula da injinan. Mutane in sun ji haka sai su ce na huta da zafin Jidda. Ba su san injin da ke sanyaya ɗaki ta baya yake fitar da zafinsa ba, kuma a bayan nake wuni, sifana a hannu, ina zufa kamar mai tuyar ƙosai.

Wata rana shugabanmu ya kira ni ofis. Ya ce kamfanin da ya sayar mana da injinan zai ɗauki mutum ɗaya ya koya masa gyara a ƙasarsu, wata takwas, kuma ni aka zaɓa. Na ce wace ƙasa? Ya ce Kanada. Na ce tayyib, na gode, kamar na san wurin. Da na fito na tambayi mai gadi, ya ce yana jin bayan Landan ne kaɗan.

Umma tana tsintar shinkafa na gaya mata. Ba ta ɗago ba.

"Akwai Musulmi?"

"Ban sani ba, Umma."

"Akwai shinkafa?"

"Ban sani ba."

Ta ture tiren gefe. "Je ka kira kawunka."

Kawu ƙanen Umma ne, shugaban 'yan dako a tasha. Tun rasuwar mahaifina, duk abin da ba a sani ba a gidanmu shi ake tambaya. Sau da yawa shi ma bai sani ba, amma hakan bai taɓa hana shi amsawa ba. Wannan karon dai ya yi abin da ban taɓa gani ba, ya ce akwai wanda ya fi shi sani. Wani dattijo ne a unguwar Sa'alaba, Bahaushen Sudan, da ya yi shekaru yana dafa abinci a jirgin ruwa, har kowa Kuku yake ce masa. Shi ya je Kanada.

Washegari bayan la'asar muka je. Muka same shi a ƙofar gida kan doguwar kujerar igiya, butar shayi a gefe. Gajere ne mai tumbi, Hausarsa irin ta Sudan. Kawu ya yi masa bayani. Kuku ya dube ni daga sama har ƙasa, ya dawo ya tsaya a kunnuwana.

"Waɗannan ba za su dawo ba," in ji shi.

Na taɓa kunnena. Ya ce sanyin Kanada da kunne yake farawa. Ya ga mutum da idonsa ya sosa kunne, kunnen ya biyo hannunsa, mutumin ya sa a aljihu ya ci gaba da tafiya. Maganin abin kitsen rago ne, a shafa safe da yamma. Kawu ya ce in rubuta. Na rubuta a bayan kwalin shayi.

Daga ranar kullum bayan la'asar ina Sa'alaba, har kusan wata guda. Kuku ya ce in ka tofar da yawu a can, kafin ya kai ƙasa ya zama tsakuwa, don haka kada in tofar kusa da ƙafar mutum. Ya ce akwai wata dabba kamar saniya amma mai farata, tana tsayuwa da ƙafa biyu, in na gamu da ita kada in gudu kuma kada in tsaya. Na ce, "To me zan yi, Baba?" Ya ce in na gan ta zan sani. Ya ce wata shida rana ba ta faɗuwa, wata shida ba ta fitowa. Wannan ta fi damun Umma da na kai mata, domin azumi zai same ni a can. Ta ce in koma in tambaye shi a wane shidan azumin zai faɗo. Kuku ya yi lissafi da yatsunsa ya ce ya danganta.

Sai maganar harshe. Ina da ɗan Turancin da na tsinta a littattafan injina da bakin injiniyoyi, irin wanda zai ishe ka ka ce bututu ya toshe amma ba zai kai ka neman aure ba. Kuku ya ce Turanci na baƙi ne, 'yan ƙasa Kanadanci suke yi, kuma shi ya iya. Ya koya mini kalma huɗu. Da safe ka ce kalimera. In an ba ka abu ka ce efharisto. In kana kiran mutum ka ce ela. In ana gaggauta ka, ka ce siga-siga. Na rubuta su da baƙaƙen Larabci ina maimaitawa a hanyar aiki.

Kawu bai so a ce Kuku kaɗai ya shirya ni ba. Ya ce duk wannan a baki ne, jikina bai san komai ba tukuna. Ya je wurin mai riƙe da makullin ɗakin sanyi, wanda abokinsa ne, suka shirya a riƙa shigar da ni lokacin hutun azahar. Ranar farko minti biyar, kullum a ƙara biyar, har in kai awa guda. A ganin Kawu awa guda ce tsakanin gida da masallaci a ƙasar da Musulmi ba su da yawa.

Muka shiga aka rufe mana ƙofa. Ga raguna feɗaɗɗu rataye layi-layi, farare fat. Ni daga ni sai farar rigata da silifas, don Kawu ya ce in an sa kaya ba a koyi komai ba. Shi kuma ya yafa buhu ya tsaya yana duba agogo. Ya ce in riƙa tafiya ina gaishe da ragunan da Kanadanci, don bakina ya saba motsi cikin sanyi. Na bi layi ina kalimera, kalimera, haƙorana suna kaɗawa.

"Yaya kake ji?" in ji Kawu.

"Kawu, ba na jin yatsuna."

"Madalla. Ka fara zama ɗan ƙasa."

Rana ta huɗu, ta minti ashirin, Kawu ya fara atishawa tun muna ciki. Ya ce ƙura ce. Washegari bai fito aiki ba. Kwana bakwai yana kwance, matarsa tana dafa masa citta da kanumfari tana aiko mana da saƙonnin da ba zan iya rubutawa ba. Ni ko mura ban yi ba. Umma ta ce khalas, ya isa haka, ba wanda zai ƙara shiga cikin raguna. Abin da ya rage na wannan horo shi ne sunan da 'yan dako suka sa wa ɗakin. In an sauke nama sai ka ji suna cewa, "Yalla, a kai wannan Kanada."

Umma ta ɗauki nata ɓangaren, wato kaya. Ta je kasuwar gwanjo ta dawo da farwa, babbar rigar fatar ragon nan da makiyayan arewacin ƙasar nan ke yafawa, gashin a ciki. Wanda ya sa ta kafin ni ya fi ni tsawo da faɗi, kuma ina jin bai taɓa rabuwa da garkensa ba, don warinsu duka yana cikinta. Ta haɗo da hular ulu da wani alhajin Turkiyya ya sayar, da safa ƙafa shida, da wanduna uku masu kauri. Wurin alhazan ƙasar Hausa da suka rage bayan hajji ta samo kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa. Ta daka yaji, ta sa aka yi kilishi, ta narka kitsen rago ta cika gwangwani saboda kunnuwana.

Maƙwabciyarmu, wadda muke kira Khala, ta zo da ƙunshi. Tana da ƙane ma'aikacin jirgin ruwa da ya sauka a Kanada shekarun baya ya yi zamansa. A ƙunshin akwai hula da turaren wuta da yaji, da takarda mai adireshinsa.

"Ba sai ka wahalar da kanka ba, ya waladi," ta ce. "Ranar Juma'a in kun sauko daga masallaci ka leƙa ka ba shi. In ba ya nan ka bar wa maƙwabta."

Ana jibi zan tafi, na je sallama wurin Kuku tare da Kawu, wanda ya warke amma muryarsa ba ta gama dawowa ba. Na ce, "Baba, in na sauka, ta wace hanya ake shiga gari?"

Ya kurɓi shayi. "Wannan ban sani ba, ɗana. Ni ban sauka ba."

Ashe kwana uku jirginsu ya yi a tashar yana lodin alkama. Shi kuma ya leƙa ta tagar kicin, ya ga fari ko'ina, ya rufe tagar.

"To mutumin da kunnensa ya cire fa?"

"Ta tagar na hango. Ko safar hannu ce, Allah ne masani."

Na dubi Kawu. Kawu ya yi gyaran murya ya ce ai daga jirgi an fi ganin ƙasa, wanda ke cikin gari lungu ɗaya kawai yake gani.

A filin jirgin sama aka auna akwatina aka ce ya yi nauyi. Umma ta ce ko safa ɗaya ba za a bari ba. Mai awon ya ce abin da ke jikin mutum ba a aunawa. Nan take Kawu ya ja ni bayan ginshiƙi. Wanduna uku, safa shida, riguna, hular ulu, sannan farwa a sama. Tsakiyar zafin Jidda ne, lokacin da in ka fito wanka ba ka sanin ko ka goge jiki. Takalmi ya ƙi shiga, na ɗaure igiyoyinsa na rataya a wuya. Na taka zuwa jirgi hannuwana a buɗe don sun ƙi haɗuwa da jikina. Wanda aka zaunar kusa da ni ya roƙi a canza masa wuri tun kafin mu tashi.

Muka canza jirgi a wata ƙasa, muka sake tashi, muka sauka Mantiriyal. Na ja hular ulu, na shafa kitse a kunne, na yi bismilla na fito. Zafi ya buge ni, zafi mai ɗanshi, ɗan'uwan namu na bakin teku. Mutane suna yawo da gajeren wando suna lasar askirim. Watan Yuli ne. Wata guda muna shiri, manya masu hankali, ba wanda ya tambaya ko ƙasar tana da lokacin zafi. Shi ya sa duk wanda ya ce mini zai je can, kafin in tambaye shi wane gari nake tambayarsa wane wata.

Jami'in duba kaya ya tambaye ni ko ina da abinci. Na ce e, domin gaskiya ce, kuma domin daddawa ta riga ni amsawa. Ya buɗe akwati ya ɗan ja da baya. Kilishi ya fara ɗaukewa, ya ce nama ba ya shiga, har da ba ni haƙuri. Ya ɗaga ƙullin kuka, koren gari, ya daɗe yana kallona. Na ce ganyen bishiya ne. Ya kira wani. Da na ga abin zai yi nisa, sai na kaɗa musu miya a iska, na gutsuri tuwon da babu, na dangwala na kai baki. Na biyun ya lakata ya ɗanɗana, ya ɓata fuska, ya ce in tafi da abina. Gwangwanin kitse kuwa, da na nuna musu kunnena, sai suka karɓe shi suka yi mini fatan alheri. Mai zuwa can ya faɗi duk abin da ke cikin kayansa tun tambayar farko. Abin karɓewa za su karɓe, sauran su bar maka, ba faɗa.

Kamfanin ya samar mini ɗaki a gidan wata tsohuwa mai ba baƙi haya. Da hantsi na isa. Na buga ƙofa ta buɗe, gajeriya cikin baƙaƙen kaya. Ta ga mutum cikin fatar rago a watan Yuli da takalmi a wuya, ta fara tura ƙofar. Na tuna kwalin shayi.

Na ce, "Kalimera."

Ƙofar ta tsaya. Tsohuwa ta dafe ƙirji, ta zubo mini magana kamar an buɗe famfo. Da ta tsagaita na ce, "Siga-siga." Ta kama hannuna ta ja ni ciki, ta zaunar da ni, ta kawo gahawa da wata waina mai zuma. Na ce efharisto, sai ga hawaye a idonta. Na ce a raina Allah ya saka wa Kuku da alheri.

Sai da ɗanta ya zo da yamma ya yi mana tafinta na gane. Ita 'yar Girka ce, kuma abin da nake yi Girkanci ne. Ashe jirgin da Kuku ya yi wa aiki na Girkawa ne. Ɗan ya ce babu wani abu wai shi Kanadanci. A garin Faransanci ne a gaba, sai Turanci. In ka shiga layinsu Girkanci za ka ji, layi na gaba Italiyanci, gaba da shi mutanen Sin da na Labanan da baƙaƙen fata daga tsibirai. Kowa ya zo da tukunyarsa da harshensa, kamar Jidda lokacin hajji, sai dai su ba mai shirin komawa. Ya ce in koyi gaisuwar Faransanci in riƙa farawa da ita a kanti, ko da daga nan zan koma Turancina, mai kanti zai fi sakin fuska. Na gwada, haka ne.

Juma'ar farko na gano inda ake salla, wani ɗaki a saman kantin wani ɗan Labanan. Da muka idar na nuna masa takardar Khala, na ce wace mota zan hau, ina so in dawo kafin la'asar. Ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa. Ya kai ni gaban wata babbar taswira a bangon kantin, ya ɗora yatsa a gefen dama ya ce nan muke. Sannan ya yi taku biyu, ya miƙa ɗaya hannun ya ce nan ƙanen Khala yake, garin Bankuba, bakin wani tekun daban. Kwana uku ko huɗu ne a jirgin ƙasa. Ya ce daga Jidda zuwa Kano ma ya fi kusa. Na kai ƙunshin gidan waya. Na rubuta gida cewa saƙo ya isa, Khala ta aiko cikin wasiƙar Umma tana tambaya ko ya rame.

Malaminmu a wurin koyon aiki, dogo mai fara'a, ya ce mini in zo gidansa wata rana. Washegari Lahadi na je. Ya buɗe ƙofa da rigar barci da jarida a hannu, ya tsaya yana kallona. A can in an ce ka zo wata rana, sai an sa rana an sa awa. Duk da haka suka karɓe ni. Matarsa tana soya kifi, ta ce zan ci? Na ce a'a, na ƙoshi, yadda Umma ta koya mini, ina jiran ta ƙara tayi sau biyu kafin in wanke hannu. Ta ce to. Suka zauna suka cinye kifin a gabana suna tambayata labarin raƙuma. Tun ranar, in an yi mini tayi a ƙasar, kafin a rufe baki na amsa.

Azumi ya zo lokacin da ganyen bishiyoyi suka koma ja da ruwan ɗorawa. Rana tana fitowa tana faɗuwa kamar ta kowa, wunin ma gajere ne, ga sanyi-sanyi. Ban taɓa azumi mai sauƙinsa ba. Na rubuta wa Umma don hankalinta ya kwanta, ta amsa cewa in ƙara da nafila kada ladan ya yi kaɗan.

Sannan sanyin gaske ya zo, kuma a nan ba zan ƙaryata Kuku duka ba. Safiyar da dusar ƙanƙara ta fara sauka na fito da takalmina na Jidda mai santsin ƙasa. Matakala biyar ce daga ƙofa zuwa titi, ta farko kawai na taka. Ranar tsohuwa ta kai ni kanti da kanta, ta zaɓar mini takalmi mai gashi a ciki mai haƙora a ƙasa, da safar hannu, da abin rufe kunne. Kayan sanyi a can ake sayensu, wurin waɗanda suka san shi. Na kuma koyi goge gemuna ya bushe bayan alwala kafin in fita, don na taɓa isa aji da shi yana ƙara in na taɓa.

Wanduna uku kuwa sun wahalar da ni, domin ba wanda ya gaya mini cewa cikin gidaje da motoci da ajinmu zafi ne kamar gidan burodi. Mutanen suna sa kayan da za su tuɓe a bakin ƙofa su rataye. Ni nawa ba a tuɓe su a gaban mutane, sai in zauna ina koyon sanyaya ɗaki ina narkewa. Farwa ce ta yi aiki, sanyi bai taɓa ratsa ta ba. Matsalarta karnuka. Duk karen da ke layinmu ya san lokacin fitata, su raka ni har tashar bas, masu su na biye suna ba ni haƙuri. A cikin bas kuma kullum ina samun kujera biyu.

Wata Asabar na wanke farar rigata na shanya a igiyar bayan gida, don na ga rana ta fito tas. Ashe rana a can, a wannan lokacin, haske kawai take bayarwa. Da na koma ɗaukowa na tarar rigar ta sandare, hannuwa a buɗe. Na ciro ta na rungumo, ta ƙi shiga ƙofa sai da na karkata ta. Na jingina ta a bangon kicin na hau ɗakina. Tsohuwa ta dawo daga kasuwa ta ga dogon mutum fari, ba kai, tsaye a kicin ɗinta. Ihun da ta yi ya fito da duk 'yan haya. Muka tarar da ita da tsintsiya a hannu, lemo warwatse a ƙasa. Ana cikin yi mata bayani ɗumin kicin ya kama rigar, ta fara durƙusawa a hankali har ta kife a gabanta kamar mai neman gafara. Tsohuwa ta zauna kan kujera tana dariya har sai da aka ba ta ruwa.

Wata takwas suka cika, na karɓi takardata. Ranar tafiya tsohuwa ta ba ni wani babban gwangwani ta ce in kai wa mahaifiyata. Wani ruwa ne mai zaƙi da suke tatsa daga jikin bishiya a ƙarshen sanyi, su dafa har ya yi kauri. A kan waina ake zuba shi da safe.

Na yi wa Umma wannan bayanin a tsakar gidanmu, mata cike sun zo barka da dawowa. Ta buɗe ta shanshana, ta lakata.

"Zuma ce."

"Ba zuma ba ce, Umma. Daga bishiya take."

"Ba ƙudan zuma?"

"Babu."

Ta rufe gwangwanin a hankali. Ta ce bishiyar da ta yi zuma da kanta a cikin ƙanƙara ba bishiyar banza ba ce, kuma abu irin wannan ba a zuba shi a kan waina. Ta kai ɗaki ta kulle a akwati.

Kafin mako ya zagayo labari ya cika unguwa. Mata suna zuwa da cokalinsu, mai tari, mai ciwon gwiwa, mai jikan da ya ƙi fara magana. Umma tana ɗiga wa kowa rabin cokali ta ce a sha da bismilla kafin karin kumallo. Wata ta shafa nata a gwiwa, tururuwa suka bi ta har kan tabarma, ta dawo ta ce alama ce ciwon yana fita. Masu tari da yawa sun warke, don dama tarin zai tafi, kowace kuma ta kawo 'yar'uwarta.

Ni da na ɗauko shi tun daga can, sau ɗaya na roƙa, wata safiya da aka kawo tamis mai zafi, gurasar da muke karyawa da ita. Umma ta taɓa goshina, ta duba idona, ta ce lafiyata ƙalau, in ci da wake kamar kowa.